Yawon gari a jirgin shaƙatawa na Bahar Rum: ina ya cancanci kuɗinka?

Kuɗin ɗakin da ka biya a jirgin ruwan shaƙatawa ya ɗauke maka kwana da abinci, amma fita yawo a garuruwan da jirgin zai yada zango, wannan kai da aljihunka ne. Jirgin mako guda da ke zagaya yammacin Bahar Rum yakan tsaya a tasha biyar ko shida. In kai da uwargida ne, kuma kowace tasha kuka bi rangadin kamfanin jirgi, kafin a dawo kuɗin yawo na iya kusan kamo kuɗin ɗaki.

Hanya uku ce a gabanka. Ko ka sayi rangadin da jirgin ya shirya, ko ka kama na 'yan gari ta manhajoji irin su Viator da GetYourGuide, ko ka sa takalminka ka fita da kanka. Na jirgi ya fi tsada, amma akwai abin da kake saye wanda ba a gani: idan motarku ta maƙale a cunkoso, jirgi zai jira ku, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Wanda ya fita da kansa kuwa ya makara, sai dai ya tsaya bakin ruwa yana ɗaga hannu. Na 'yan gari yana tsakiya, ga sauƙin farashi, ga ƙarancin jama'a a mota, kuma da yawansu suna mayar da kuɗi in ka fasa da saura awa 24. Ka karanta wannan sharaɗin da kyau, domin iska kan sa jirgi ya tsallake tasha da safiyar ranar, lokacin da awa 24 ɗin ta riga ta wuce.

A ganina, abin da za ka fara dubawa shi ne nisan da ke tsakanin inda jirgi ya tsaya da abin da kake son gani. Sunan gari a takardar talla yana ruɗi. Za a rubuta maka Roma, alhali jirgi a Cibitabekiya yake tsayawa, wajen kilomita 80 daga birnin. Nan ne mutane suka fi tsorata su biya kuɗi mai yawa. Amma jirgin ƙasa na gama-gari yana tashi daga Cibitabekiya a kai a kai, tikitinsa wajen Yuro 5, tafiyar awa guda da 'yan mintuna, kuma yana tsayawa a tashar San Pietro, kusa da fadar Batikan, kafin ya kai Termini, babbar tashar Roma. Mai ƙafa da lafiya zai iya. Sharaɗin shi ne, wajen dawowa, kada ka dogara da jirgin ƙasan ƙarshe da zai ishe ka. Ka kama wanda ya riga shi da biyu. Ka kuma sani cewa daga tashar jirgin ƙasa zuwa inda jirgin ruwanka yake akwai wata 'yar tafiya da jiran bas. Idan da tsohuwa ko ƙananan yara kake tafe, to a Roma zan kashe kuɗin rangadin jirgi, ba zan yi jayayya ba.

Napoli labarinta daban. Jirgi yana tsayawa ne a tsakiyar gari, kana sauka kana cikin kasuwa da hayaniya. Pompei, garin da aman dutsen Besubiyo ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, tafiyar kamar minti 40 ce a jirgin ƙasan Circumvesuviana. Jirgin ƙasan tsoho ne, ga zafi, ga matsi, ga 'yan sane, don haka jaka a ƙirji. Can kuma kufai ne mai faɗi, inuwa kaɗan, kuma ba tare da mai bayani ba duk bangon iri ɗaya ne a idonka. Saboda haka ka je da kanka, kuɗin da ka rage ka ba ɗan jagora mai lasisi. Tun Nuwamban 2024 an taƙaita masu shiga zuwa 20,000 a rana, gara ka sayi tikiti ta intanet tun daga gida.

A Baleta ta Malta kuwa, biyan rangadi asara ce. Daga bakin ruwa akwai lif ɗin Barrakka mai tsayin mita 58, da kuɗi kaɗan zai ɗaga ka zuwa lambun da ke kallon tashar gaba ɗaya, inda ake harba igwa da ƙarfe 12 na rana. Birnin ƙarami ne, ƙafa ta ishe shi. Barselona ma bas ɗin tasha zai ajiye ka kusa da gunkin Kolumbus, bakin titin La Rambla. Shahararriyar majami'ar Sagrada Família ce kawai ke son tikiti tun da wuri.

Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar yana da ƙarin lissafi. Idan jirgin zai leƙa Tunisiya ko Turkiyya ya dawo Turai, bizar Shengen (ta shiga yawancin ƙasashen Turai) mai shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba, sai mai shiga da yawa. Ka tambayi kamfanin a rubuce kafin ka biya komai.

Ranar fita, ka karya da kyau a jirgi tunda an riga an biya, ka cika gorar ruwa, ka ɗauki hoton allon da ke bakin tsani, wanda aka rubuta lokacin komawa. Yawanci minti 30 ne kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki. Wayarka na iya sauya lokaci da kanta ta bi na garin, shi ya sa tsofaffin matafiya ke ɗaura agogon hannu su saita shi da na jirgi tun daren farko.