Abincin kajin da nake saye a wani injin Gadarif

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 hanyar kawo abincin kaji daga Khartum ta rikice mana, dole muka koma wa ƙananan injina na nan Gadarif. Akwai wanda na daɗe ina saye wurinsa, kuma 'yan'uwa masu kiwo sun yawaita tambayata yadda na same shi.

A gabanka yake haɗawa, wannan kam na yaba. Dawa ce ginshiƙi, fatarita, wadda Gadarif ba ta rasa ta. Sai ambaz, wato tunkuzar gyaɗa, da 'yar dusar alkama, da gishiri, da murakkaz, wato haɗin furotin da bitamin na waje da ake zubawa kashi 5 cikin ɗari. Buhu kilo 50, kuma sikelinsa ba ya ƙwange.

Na masu ƙwai ba ni da ƙorafi a kansa. Kaza mai ƙwai tana cin kamar giram 110 zuwa 120 a rana, tana kuma son kalsiyam wajen kashi 4 cikin ɗari, shi ko mutumin ba ya rowar farar ƙasa. Ɓawon ya yi ƙwari, na daina tsintar fasassu a ƙasan keji. Gwaiduwa dai fara-fara take fita, don dawa ba ta da launin da jar masara ke bayarwa. Wata hajiya da ke sara a wurina ta fasa ɗaya a kofi, ta ce, "Malam, kajin naka lafiya kuwa?" Lafiyarsu lau. Da na riƙa sa musu ɗanyen barsim, wato ciyawar alfalfa, launi ya dawo.

Na kajin nama ne muka ɗan saɓa. Ɗan tsako yana buƙatar furotin kashi 22 zuwa 23 a makonnin farko, kuma haɗin ya kai, amma niƙan ya yi laushi ƙwarai. Gari ne zalla. Sai ka ga tsakin suna tsince 'yan ƙwayoyin, garin da murakkaz ke ciki ya kwanta a gindin mazubi, wani ya manne musu a baki ya dagula ruwan sha. Kajin da ya kamata su fita a kwana 42 sai da na ƙara musu lokaci, girmansu ma bai zo ɗaya ba. Na ce masa, "Alhaji, a sauya rariya mana." Ya sauya, abin ya yi dama-dama.

Da damina kuwa, ka cusa hannu cikin ambaz ɗin ka sansana kafin a zuba. Gyaɗa in ta sha danshi tana fumfuna, dafin aflatoksin kuma hantar kaza yake ci. Na taɓa mayar masa da buhu saboda wari, ya karɓa ba musu. Yanzu na mako biyu kawai nake saye, in ɗora kan katako nesa da bango.