Wasiƙa daga Birmingham: yadda na gyara sitiyarin Corolla

Yaya, barka da warhaka. Ina fatan kuna lafiya, da su Inna da yara. Ka tambaye ni ko gyaran mota a Ingila ya fi na gida, to ga abin da ya same ni a watan jiya.

Corollar nan tawa ƙirar 2006 ta daɗe tana ƙwas-ƙwas a gaba in na faɗa rami, sitiyarin kuma sai ya ɗan yi wasa kafin taya ta amsa. Da a Kano ne, da na ce a lallaɓa sai kuɗi sun samu. A nan babu wannan, domin duk motar da ta kai shekara 3 dole a kai ta gwajin shekara-shekara da suke kira MOT. Gwamnati ta ƙayyade kuɗinsa, ba ya wuce fam 54.85. Mai gwajin ya ɗaga motar sama, ya kama tayar gaba ta hagu da hannu biyu ya jijjiga, sannan ya kira ni ya haska mini tocila. Robar kan tayarod, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, ta yage, giris ya tsiyaye, ƙwallon yana lilo a cikin gidansa kamar haƙorin da zai faɗi. Wallahi gabana ya faɗi, don ranar Lahadin da ta gabata na ɗauki yara a cikinta muka hau babbar hanya. Nan take ya ce ta faɗi gwaji.

Na tambayi makanikin ko zai matse shi da guduma ya sa sabuwar roba, yadda na sha gani a garejinmu. Ya ce sam, a nan ba a faci a sitiyari, canzawa ake yi. Kayan ba shi da tsada, sabo dal bai kai fam 20 ba. Kuɗin hannu ne ke kashe mutum, awa-awa ake lissafa shi. Ga tsatsa ta cinye notin, saboda gishirin da suke watsawa a titi lokacin sanyi don kada ƙanƙara ta kama, sai da ya gasa shi da wuta kafin ya kwance. Bayan nan aka ɗora ta kan na'ura aka saita tayoyi. Duka na biya kusan fam 140, kuma kwana huɗu na jira kafin layi ya zo kaina, ina shiga bas zuwa aiki.

A kwanakin nan na yi kewar gida ƙwarai. Ka tsaya a gindin bishiya, oga ya leƙa ƙarƙashi, yaro ya hau babur zuwa Ƙofar Ruwa ya kawo ɗan Beljiyam, a yi ciniki, kafin La'asar ka kama hanya. Hannun makanikanmu ba na wasa ba ne, kuma suna da sauƙin kai ga talaka. Abin da ke damuna shi ne jabun kaya da ba ka gane shi sai ya lalace, da kuma rashin wanda zai tilasta maka dubawa. A nan an ba ni rasit da garanti.

Don Allah Yaya, kafin tafiyarku Zariya bikin nan, a ɗaga Golf ɗinka a jek a jijjiga tayoyin gaba. In akwai wasa a canza kan tayarod ɗin, kada a yi faci, zan turo kuɗin. A gaida Inna.