Na je ganin likita kan endometiriyosis da tsoron kansar ƙwai, ga yadda na same su

Tun watan jiya nake so in rubuta wannan sai yanzu hankalina ya dawo jikina. Ba zan kama sunan wajen ba don akwai abin da suka min wanda bai min daɗi ba kuma zan faɗe shi, amma dai sashe ne da aka ware wa masu endometiriyosis a cikin wani asibitin mata, in tauraro biyar ake bayarwa ni huɗu zan ba su.

Shekarata 34, ciwon mara lokacin al'ada tun ina 'yar sha biyar nake fama da shi, irin wanda za ki dunƙule a ƙasa kina amai kina zufa. Sai bara aka min sikanin aka ga ƙari a ƙwan hagu, santimita 4, cike da tsohon jini, shi ne wanda likitoci ke ce wa ƙarin cakulan saboda kalarsa. Wato endometiriyosis ɗin nama ne mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya je ya tsiro inda ba wajensa ba, duk wata ya kumbura ya yi jini kuma jinin ba hanyar fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da shi, wajen miliyan 190 kenan.

Abin da ya kai ni wajensu ba ciwon ba ne ma, tsoro ne. Na ci karo da labarin wani bincike da aka yi a jihar Yuta ta Amurka, aka buga a mujallar JAMA a 2024, cewa masu endometiriyosis haɗarin kansar ƙwai a wajensu ya ninka na sauran mata sau 4, masu ƙari a ƙwai ko waɗanda nasu ya yi zurfi kuma kusan sau 10. Ni ce fa ta biyun. Wallahi daga ranar barci ya ƙaurace min, in cikina ya ɗan kumbura sai in ce shikenan ta zo.

Zuwan farko jini suka ɗiba suka yi sikanin. Na yi zaman jira kusan awa biyu duk da an ba ni lokaci, wannan kam ya kamata su gyara. Amma mai sikanin ɗin ta kyauta, ta ƙasa ake yi kuma duk mai wannan ciwon ta san yadda wajen ke zafi, sai da ta min bayani ta rufe ni da kyau, ta ce in na ji zafi in ɗaga hannu ta tsaya, kuma da na ɗaga ta tsaya ɗin.

To ga inda suka ɓata min. Cikin gwajin jinin akwai CA-125, ba wanda ya ce min ga amfaninsa ga iyakarsa. Ranar Juma'a da yamma sai ga sakamako a waya, 68 da jan rubutu, a gefe an sa bai kamata ya wuce 35 ba, ba bayani ko layi ɗaya. Na buga sunan a intanet kalmar farko da na gani kansa. Na kira lambarsu ya fi sau goma ba a ɗauka ba sai Litinin. Kwana ukun nan ban iya cin abinci ba, ina kallon 'yata tana barci ina hawaye. Gaskiya wannan ba daidai ba ne, wajen da ya san da irin matan da yake hulɗa bai kamata ya jefa wa mutum lamba haka ya rufe ofis ba.

Likitar ce ta dawo musu da taurarin. Ina shiga ta ga fuskata ta ajiye biro ta ce, 'yar'uwa me ya faru? Na miƙa mata wayar. Ta fara ba ni haƙuri, sannan ta ce CA-125 yana hawa a endometiriyosis shi kaɗai ba tare da wata kansa ba, yana hawa lokacin al'ada, yana hawa da ƙarin mahaifa, har da ciki, shi ya sa ba a yanke hukunci da shi. Ta tambaye ni ranar da aka ɗebi jinin, ashe ma ina ƙarshen al'ada ne.

Na ce likita to maganar sau 4 da sau 10 fa, ƙarya ce? Ta ce a'a ba ƙarya ba ce, alaƙar tana nan kuma ba yau aka gano ta ba, tun 1925 wani likita John Sampson ya rubuta yadda kansa ke tasowa daga irin wannan naman a ƙwai. Sai ta jawo farar takarda ta ɗiga ɗigo ɗari, layi goma goma, ina kallo. Ta zagaye ɗaya da ɗan gefen na biyu ta ce cikin mata 100 na duniya wannan ne za su yi kansar ƙwai a tsawon rayuwarsu, wajen kashi 1.3. Ta ƙara zagaye ɗaya ta ce in duka ɗarin masu endometiriyosis ne, jagorar ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ESHRE ta 2022 ta sa shi wajen kashi 2.5. Sannan ta ɗora tafin hannunta a kan sauran ɗigon ta ce waɗannan 97 ɗin ba za su taɓa yi ba. Ba ta ɓoye min ba, ta ce mai ƙari a ƙwai irina haɗarinta ya fi na wadda nata ke sama sama, amma abin da tun farko ba shi da yawa ko an ninka shi mafi yawan mata ba ya samunsu.

Abin da ban taɓa sani ba shi ne kansar ƙwai ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta fi yawa kuma ta fi saurin yaɗuwa ba ita ce ta fi bin endometiriyosis ba. Waɗanda suka fi binsa biyu ne, kiliya sel da endometiroid, kuma su an fi kama su da wuri tun suna cikin ƙwan. Dalilin da ake gani, tsohon jinin nan da ke kwance shekara da shekaru yana da sinadarin ƙarfe mai yawa, yana ta cutar da ƙwayoyin jikin bangon ƙarin ga kumburi kullum, har wasu ƙwayoyin gado su lalace, ta ambaci ɗaya mai suna ARID1A da aka gano lalacewarsa a irin wannan kansar a 2010.

Nan take na ce to a cire ƙwan kawai in huta. Ta ce a shekaruna ba za ta ba ni wannan shawarar ba, cire ƙwai biyu yana kawo ɗaukewar al'ada da wuri kuma hakan na taɓa ƙashi da zuciya, ko yanke ƙarin kaɗai ma yana rage ƙwayayen haihuwa da suka rage, don haka aiki sai da dalili. Na ji daɗi da ba ta tura ni tiyata ba kuma ba ta sayar min da wani gwajin shekara shekara ba, ta ce a Birtaniya an bi mata fiye da 200,000 ana yi wa rabinsu gwajin jini ko sikanin duk shekara, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna bai rage mace-mace ba. Ta sa ni a ƙwayoyin tsarin iyali masu sinadari biyu bayan ta duba hawan jinina ta tambayi ko ina da ciwon ɓarin kai ko an taɓa samun daskarewar jini, ta ce suna rage ciwon kuma an daɗe da sanin suna rage haɗarin kansar ƙwai.

A bayan takardar ta rubuta min abin da zai sa in dawo ba sai lokaci ya yi ba: kumburin ciki da ya ƙi sauka makonni, saurin ƙoshi, yawan fitsari, ciwon da ya canza salo, ramewa ba dalili. Su kuma a hoto abin da suke dubawa ƙarin da ke girma da sauri ko tsiro mai tauri a cikinsa da jini ke gudana, musamman in mace ta haura 45, in sun ga haka sai a yi hoton MRI don a ƙara dubawa da kyau. Nawa babu ko ɗaya.

Duk mai irin matsalata zan ce ta je, amma tun ranar ɗibar jini ki ce musu kar a turo miki sakamako ta waya, gaban likita kike so ki gani. Na rubuta musu ƙorafin da hannuna na ba nas ɗin da ke kan tebur. Bayan wata shida zan koma a sake auna girman ƙarin, takardar ɗigon nan kuma tana cikin jakata tare da katin asibiti.