Gargaɗi ga masu motar kwana kan dillalan bogi na kayan gyaran kwanon wanke hannu

Wannan gargaɗi na 'yan'uwanmu ne mazauna Ingila, Jamus da sauran ƙasashen Turai waɗanda suka mallaki motar kwana, wato motar nan mai gado da kicin da ɗan banɗaki a ciki, musamman tsofaffin da ake saye na hannu. A wasunsu kwanon wanke hannu na roba ne, ana sauke shi a saman masai a yi amfani da shi, sannan a ɗaga shi ya jingina da bango, ruwan ya zube cikin wata 'yar magudana da ke ɓoye a bayansa, daga nan bututu ya kai shi tankin ƙazamin ruwa. A wannan magudana ne sabulu da gashi da man goge baki suke daskarewa su yi baƙi su fara wari, kuma hannu ba ya isa wurin sai an cire kwanon. Saboda haka mutane da yawa suke neman dabarar da za ta sa ya riƙa fita cikin sauƙi, kuma ta wannan ƙofa 'yan damfara suke shigowa.

Mutum zai rubuta a wani zauren Facebook na masu irin waɗannan motoci cewa yana neman kayan gyaran, kafin ya ankara saƙo ya shigo masa a keɓe daga wani da bai taɓa magana a zauren ba, yana cewa yana da ƙugiyoyi da fil da suka dace da kowane irin kwano. Zai turo hoto mai kyau wanda ya kwaso daga tallar wani, ya ce saura ɗaya kuma akwai mai jira, sannan ya nemi a biya ta PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, a sashen tura wa dangi da abokai, ko a tura kai tsaye asusun banki. Da kuɗin sun shiga sai ya toshe mai sayen. Wani kuma yakan aiko da 'yar roba da ba ta shiga ko'ina, don a ce dai an aiko da wani abu.

Maganar cewa kaya ɗaya ya dace da kowane kwano ita kanta ta isa ta tona asirinsa, domin faɗin kwanon da tazarar fil ɗin da yake juyawa a kansu sun bambanta daga ƙira zuwa ƙira. Abin da ya fi damuna shi ne, kwanuka da yawa ba sa buƙatar a sayi komai: idan aka ɗaga su zuwa rabi aka ɗan cira sama, fil ɗin sukan fito daga mazauninsu. Wanda ya bi umarnin ɗan damfara ya huda roba ko ya yanke gefen magudanar, ruwa zai riƙa tsiyaya bayan bango a hankali, katakon ya jiƙe ya ruɓe, kuma gyaran laima a motar kwana ya ninka kuɗin kwano sau da yawa.

Kuɗin da aka tura ta sashen dangi da abokai ba su da kariyar mai saye ko kaɗan, alhali wanda ya biya a matsayin cinikin kaya yana da kwana 180 na shigar da ƙorafi idan kayan ba su iso ba. A Birtaniya, Sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 yana kare wanda ya biya da katin bashi ne kawai idan kayan sun haura fam 100, kuma ƙa'idar da ta fara aiki ranar 7 ga Oktoba 2024, mai tilasta wa bankuna mayar da kuɗin da aka damfari mutum ya tura da hannunsa, ta ba su damar cire har fam 100 daga ciki. Ƙananan kaya irin waɗannan ba su cika kai wannan adadi ba, don haka mai yiwuwa ne kome ba zai dawo ba.

Kafin a biya kowa, a auna kwanon, a ɗauki hoton fil ɗin, a nemi mai sayarwa ya ɗauki hoton kayan kusa da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar. Wanda ya riga ya faɗa hannunsu ya kira bankinsa nan take, ya adana hotunan hirar, ya kuma sanar da shugabannin zauren su cire ɗan damfarar daga zauren.