Ruwan Wardi da Idona Lokacin Shiƙar Shinkafa

Duk wadda ta taɓa shiƙar shinkafa a Argungu cikin hunturu ta san abin da ƙaiƙayi ke yi wa ido. Ga hazo, ga busasshiyar iska, kafin la'asar idona ya kaɗa ya yi jajir kamar an watsa yashi a ciki. Gwaggona ce da ta dawo Umra ta miƙo mini 'yar kwalba, ta ce, "Ungo ɗiyata, ruwan wardi ne na Ɗa'ifa. Irinsa ake haɗawa da zamzam a wanke Ka'aba."

Sati 3 na yi ina amfani da shi, kuma wallahi na ji daɗinsa. Bayan isha'i sai in wanke fuska tas, in ɗauko kwalbar daga gindin randa inda ta yi sanyi, in jiƙa auduga biyu, in rufe ido in ɗora a kan fatar. Minti 10 ya isa. Sanyin nan yana ratsawa a hankali, kumburin fatar ido ya saɓe, ƙaiƙayin ya lafa. Ƙamshinsa ba ya hawa kai, don na asali furen ake turarawa a tukunya, a tara tururin da ya koma ruwa, ba a ƙara komai.

Da ya ƙare na sayi wani a kasuwa, mai launin hoda. Nan na yi kuskure: na ɗiga shi cikin ido kai tsaye, yadda wata maƙwabciya ta ce tana yi. Raɗaɗin da na ji sai da na durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe. Ƙanena ya karanta jikin kwalbar, ashe na shafa fata ne, har da turare da launi a ciki. Washegari ma'aikaciyar jinya ta duba ni, ta ce ko na asalin ne ba a tsabtace shi yadda ake yi wa maganin ɗigawa a ido ba, ƙwayar cuta na iya zama a kwalbar da aka daɗe da buɗewa.

Ban daina saye ba, amma sai fari ƙal kamar ruwa, kuma iyakarsa fatar ido. Ranar da ƙaramin ɗana ya tashi da apolo, ido ya manne da kwantsa, ban ko taɓa kwalbar ba, na goya shi muka nufi asibiti.