Sunan Soja a Gefen Lambar Yabo: Bugun Inji da Sassaƙar Hannu

Lambobin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Farko, har da na sojojin Najeriya da suka yi yaƙi a Kamaru, da inji aka buga sunayensu. Haruffan manya ne, zurfinsu ɗaya, ƙarfen ya ɗan tashi a bakinsu saboda danna shi aka yi.

Sassaƙar hannu kuwa cire ƙarfen take yi. Ramin yana tsukewa a ƙarshen kowane layi, haruffan sukan karkata. Ana samunta a lambobin wasu hafsoshin Yaƙin Boer da aka yi a Afirka ta Kudu daga 1899 zuwa 1902.

Sassaƙa a lambar azurfa ta Yaƙin Duniya na Farko (1914 zuwa 1918) abin tuhuma ce. Auna faɗinta: idan ya gaza milimita 36, wataƙila an kankare sunan asali.