Yawon ɗan jagora zuwa Gidan Adamu a Anje: kuɗina bai tafi a banza ba, sai dai an yi mana gaggawa

Ranar Asabar na biya kuɗin zagayen tsohon garin Anje, a yammacin Faransa, tare da ɗan jagora. Abin da ya kai ni shi ne gidan katakon da suke kira Maison d'Adam, wato Gidan Adamu, wanda ke bayan babban cocin garin, a dandalin Sainte-Croix.

Wani mai haɗa magunguna ne ya gina shi wajen shekarar 1491. Gidan dogo ne, kowane bene ya ɗan turo gaba fiye da na ƙasansa, kamar zai leƙo titi. Katakan bangon an gicciya su, sun fitar da zane irin na saƙar tabarma. Amma sassaƙar ce ta tsayar da ni. A kusurwar gidan akwai bishiya da ganyenta da 'ya'yanta, an fitar da ita daga jikin ginshiƙin kansa. Jagoran ya ce da akwai siffofin Adamu da Hauwa'u a gefenta, daga nan gidan ya samo suna, amma an cire su lokacin juyin juya halin Faransa. Can sama ga kwasakwasa tana ciyar da 'ya'yanta, ga masu busa, ga saurayi da budurwa. Akwai kuma wani mutum da aka sassaƙa tsirara, wanda ni dai ban ga dalilinsa ba, na kau da kai.

Jagoran ya san aikinsa, wannan ba na musu. Shi ya nuna mana sawun ƙarfen masassaƙi a fiffiken tsuntsun, abin da ko kwana na yi a wurin ba zan lura da shi ba. Inda ya ɓata mini rai shi ne lokaci. Gidan da tun 1922 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihi, minti goma kacal muka yi a gabansa aka ce mu wuce. Wata dattijuwa tana tsaka da tambaya, bai tsaya ta ƙarasa ba.

Wanda zai je, ya biya jagoran don bayanin, sannan ya dawo shi kaɗai da hantsi, da waya mai jawo hoto kusa, domin siffofin da ke sama, ido ba ya kai musu. Ni washegari na koma, na zauna a dandalin fiye da awa guda.